Karraka Ba Ta Zo Ba, Yaya

Zuwa ga yayana Habibu, a can Kampala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Inna tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko tarin nan ya sake ka, kuma ko kana samun abin da ya yi kama da tuwo a wannan ƙasa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin wannan a fili, inda kowa zai karanta. A fili ka ajiye ni, shi ya sa zan amsa maka a fili. Na gwada yi maka maganar ta waya, intanet ɗin kasuwar Managil tana ta yankewa, kai kuma kana ta cewa, "Sa'idu, ba ka gane yadda abin nan ke tafiya ba." To, wataƙila ban gane yadda yake tafiya a can ba. Bari in faɗa maka yadda yake tafiya a nan.

Ka san halin da muka tarar da tur'armu bayan mun dawo daga gudun yaƙi. Zan faɗa duk da haka, saboda masu karantawa waɗanda ba 'yan nan ba. Tur'a ita ce magudanar da ke ɗauko mana ruwan madatsar Makwar daga babbar hanyarsa ta kawo gonaki. Mun same ta laka ta cike ta, ciyawa ta kai tsawon mutum, akuya tana tsallakawa ba ta jiƙa kofato ba. Da can karraka ce, motar nan mai haƙa, ke zuwa ta yashe ta da dogon hannun nan nata na ƙarfe, ni da kai muna bin ta a baya muna tsintar tarwaɗa a cikin lakar da ta zubar. Yanzu ba karraka, ba direbanta, ba ofishin da za a je a kai kuka. Ruwa yana can a babbar tur'a, muna ganin sa yana wucewa kamar baƙon da ba gidanmu ya nufa ba. Alkama kuwa ba sai na gaya maka ba. In sanyi ya zauna ba ta shiga ƙasa ba, shekara ta tafi.

Shi ya sa Kawu Isa ya kira gayya bayan sallar Juma'a. Ya ɗauko igiya ya auna wa kowane gida rabonsa, daga wutsiyar tur'a har zuwa bakinta. Daga wutsiya ake farawa a yi sama, a bar toshiyar laka a baki sai ranar ƙarshe, don kada ruwa ya shigo ya tarar da mutane a ciki. Kuma aikin sarƙa ne. In gida ɗaya ya bar rabonsa, ruwa a nan zai tsaya, duk wanda ke ƙasa da shi ya yi aikin banza.

Yaya, da ka ga mutanenmu a wannan makon. Masu lauje a gaba suna sare ciyawa, masu shebur a bayansu, masu buhu suna hawa da laka suna saukowa. Tsofaffin da ba su iya shiga suna zaune a gaɓa suna wasa lauje suna zagin kowa. Da hantsi mata su kawo fatur, wato karin kumallo, asida da miyar kuɓewa busasshiya, mu ci da hannun da ba ya wankuwa. Tun da muka dawo ban ji dariya a garin nan irin ta wannan makon ba.

A ranar da muka kai gindin bagaruwar nan ta gonar su Ɗanjuma, na ba shi wayata ya ɗauke ni. Laka har ƙirji, buhu a ka, matsattsaku ya ciji ƙwaurina jini yana bi. Ina dariya lokacin, amma hoton ya kama ni bakina a buɗe, idona a runtse. Ni na turo maka da hannuna. Alfahari nake yi. Cewa nake yi, duba, Yaya, mun kai bagaruwa.

Kai kuma ka ɗauka ka sa a shafinka, ka yi dogon rubutu da Turanci a ƙarƙashi.

Ba mu sani ba sai da wani ya dawo daga kasuwa da labari. Ya ce hoton Sa'idu ya zaga duniya, Turawa suna ta kuka a kai, Habibu ya ce za a tara taimako a kawo karraka. Kafin labarin ya kai masallaci, karrakar ta zama biyu. Kafin ya kai wurin mai shayi, har an gan ta a kan babbar mota ta wuce Hasahisa.

Washegari rabin mutane ba su fito ba. Rana ta biyu, rabin waɗanda suka rage. Kawu Isa da kansa, wanda ya riƙe igiya, ya tsaya a gaɓa da hannu a baya ya ce, "Mi za mu kashe kanmu a kai? Ɗanmu ya yi magana da Turawa. Abin da munka yi a sati, ita kahin azahar ta gama shi." Na ce masa, Kawu, guntun gatarinka fa. Ya ce, "Halas, yaro. Kai ba ka da bayan da ke ciwo."

Ba na ganin laifinsu sosai. Mutumin da ya yi gudu da ƙafa, ya dawo ya tarar da gidansa ba ƙofa, in aka ce masa ga hutu nan tafe, zai zauna ya jira. Amma yau ana neman wata guda suna zaune a ƙarƙashin dalbejiya suna kallon hanya. Duk ƙurar da ta tashi sai a miƙe. Rannan tirakta ce, har yara sun yi guɗa. Ciyawar da muka sare a wutsiya ta fara tohowa. Da asuba kuma an fara neman mayafi. Ka san abin da wannan ke nufi.

Na rasa abin da ka rubuta da ya zaunar da gari guda, sai na kai wa Ustaza Maryam. Ba ka san ta ba. Malamar Turanci ce daga Hasahisa, yaƙi ya kawo ta wurin 'yar'uwarta a nan, ta zauna. Ta karanta a hankali, ta cire tabarau, ta ce, "Yayanka ya iya Turanci, ma sha Allah. Amma kana so in gaya maka abin da ya faɗa, ko abin da mai karantawa zai ji?" Na ce duka biyun.

Ta ce Turanci yana da kalmomi da yawa masu zama kusa da juna, kamar 'yan gida ɗaya, kama ɗaya amma kowa da halinsa. A wajen aiki akwai wadda ake faɗa wa mutumin da ya sa abu a gaba ya ce sai ya ga bayansa. Akwai ta wanda ke gwadawa, ko ya samu ko ya rasa. Akwai kuma ta wanda ke fama kawai, kamar jakin da ya faɗa rami, yana motsi amma ba inda za shi. Ta ce ta ƙarshen nan ka zaɓa mana. A wajen ciwo ma haka. Akwai ta rauni wanda ake ɗaurewa ya warke, akwai ta ciwon da ke cin mutum a hankali, akwai ta wanda abu ya danne shi ba ya iya ɗaga kansa sai an zo an ɗaga shi. Ta ce nan ma ta ƙarshen ka ɗauka. Ta nuna min ita da yatsa, tana nan daidai ƙarƙashin ƙafata a hoton.

Na tambaye ta ko ka yi ƙarya ne. Ta ce a'a, ba ka yi ƙarya ba, ka dai zaɓi wadda ke buɗe aljihu.

Na ɗauko wayata na dawo gida, hanya duk ina tauna maganar. Ai mu ma muna da irin wannan, Yaya, kai ka fi ni sani. Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi in wani ya wuce ya ce masa sannu da wahala? Sai ya dogara da fartanya ya ce, "Wahala ta wanda anka sa ce. Ni ba wanda ya sa ni." Shekarun da ya yi yana tsinke auduga a hawasha, wato gonar wani, ana auna masa a yi masa ƙwange, wannan yakan kira wahala, bai taɓa ɓoyewa ba. Amma ranar da ya samu noman rabi ya zuba irinsa da hannunsa, ko da rana ta fi zafi, bai yarda a kira aikin da wannan suna ba. Gumin ɗaya ne, bayan da ke ciwo ɗaya ne. Shi dai ya san bambancin, kuma ya mutu yana riƙe da shi.

Abin da muke yi a tur'a ba wanda ya sa mu. Mu muka ga ruwa yana wucewa muka ce sai ya shigo. Ka ɗauki abin da ya fi kowane abu kyau da garin nan ya yi tun dawowarmu, ka sa masa rigar bara.

Kuma sunan ya bi ni. Ɗanjuma yanzu ba ya kira na sai Miskinin Turawa. In na shigo wurin shayi sai ya miƙe ya ce, "Ku ba shi kujera, ya jama'a, kada ya faɗi, duniya na kallo." Wannan ba komai, ni ma na san inda nake kama shi. Wanda ya fi ci min rai shi ne gaisuwa. Da, in mutum ya wuce ta gaɓa, da ƙarfi yake cewa sannunku da aiki, mu amsa daga cikin laka da ƙarfi. Yanzu matan da ke zuwa ɗiban ruwa sukan tsaya su karkata kai su ce, "Sannu, Sa'idu, Allah sarki," da muryar da ake shiga ɗakin majinyaci. Ina tsaye da ƙafafuna, buhu a kaina, ana yi min sannun kwance.

In kana son sanin ciwon da ke jikina, zan gaya maka, ba na jin kunyarsa. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ƙafafuna sun yi fari sun tsattsage saboda zaman laka. Fitsarina ya fara canza launi, na san tsargiya ce, zan nemi magani in na shiga Managil. Duk waɗannan na san sunansu, na san maganinsu, ba su hana ni barci. Wanda ba ni da maganinsa shi ne in ɗaga kai daga rabonmu in hangi rabon gidaje a sama da mu ba kowa a ciki, shebur a kafe tun ranar da aka bar shi. Wannan ba matsattsaku ne ya yi min ba.

Kada ka ɗauka ban san abin da ya sa ka yi ba. Na sani. Kai ne ka goya ni daga gona har bakin titi ranar da fartanya ta sare min babban yatsa, kana gudu kana zagina, rigarka ta makaranta duk jini, ka sha dukan Baba a kan rigar. Kai ne da aka ce kuɗin makaranta na mutum ɗaya ne, ka ƙi cin abinci ka ce sai dai mu je tare, sai da ni na ce maka allo yana sa ni barci. Ba ƙarya na yi maka ba, yana sa ni. Ban taɓa jin haushin karatunka ba, ko sau ɗaya. In ana maganar masu ilimi a gari, ni nake fara ɗaga kai.

Na kuma san zaman can ba daɗi. Ranar da ka kira ka ce ka ga hoton ka kasa cin abinci, na ji yadda muryarka ta yi. Kana ɗaki a ƙasar mutane, ƙanenka yana cikin laka, hannunka bai kai ba. Abin da ke hannunka shi ne Turanci, da shi ka miƙo. Wannan ma ciwo ne, kuma ban san wanne ya fi wani ba, nawa ko naka.

Amma Ustaza ta faɗi wani abu da ya tsaya min. Ta ce ko a wajen kula da mutum Turawa sun raba. Akwai kalmar wanda hankalinsa ya tashi saboda kai, akwai ta wanda ya tsaya a kanka yana duba me kake bukata. Ban tambaye ta yadda ake faɗinsu ba, don na san su a gida. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bara, gidan nan ya cika da masu salati da masu share hawaye. Inna ba ta yi kuka ba. Ta taɓa goshina, ta duba idona, ta ce a fita a ba ni iska. Ranar da ta ga na fara jin daɗin kwanciya ta janye tabarmar ta ce, "Tashi, ciwon ya tahi, saura lalaci." Na ji haushinta ranar. Da yamma na ci tuwo.

Kai hankalinka ya tashi saboda mu, Yaya, na gode. Amma ba ka tambaye mu me muke bukata ba. Da ka tambaya, da na ce shebur, da buhuna, da maganin tsargiya, da irin alkama mai kyau. Da ban ce ka shimfiɗa wa gari tabarma ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba, don Inna ta hana, yau zan saɓa mata. Ranar awo, Kawu Isa ya lissafa mazan kowane gida. Da ya zo kanmu ya ce gidan marigayi namiji ɗaya ne, ya ja igiya sau ɗaya. Inna ta fito daga cikin mata, mayafinta a ka, ta ce, "Isa, ɗana bai mutu ba. Tahiya ya yi. A auna mai." Kawu ya ce wa zai yashe? Ta dube ni. Aka sake jan igiya, aka kafa turke, aka ce wannan na Habibu ne.

Saboda haka kana da rabo a tur'ar nan, da sunanka, tsakanin nawa da na gidan su Ɗanjuma. Nawa na fara gamawa. Naka ya fi nawa taurin kai, akwai saiwar bagaruwa a ciki, sai da na aro gatari. Inna takan zo da fatur ta zauna a gindin turkenka. In na fito hutawa sai ta ce, "Habibu ya yi ƙoƙari yau." Jiya da la'asar na fitar da buhun ƙarshe.

To lakarka ta fita. Abin da ya rage maka ba na shebur ba ne, kuma ba zan iya yi maka shi ba.

Ka ɗauki wayarka ka yi magana da muryarka, da Hausa, ba da Turanci ba, ba da Larabci ba, irin Hausar da Kawu Isa zai ji a ƙirjinsa. Ka turo a zauren garin nan na waya, inda kowa zai saurara. In karraka za ta zo, ka faɗi ranar, ka faɗi wanda zai tuƙo ta. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. In ba za ta zo kafin shuka ba, kuma ni da kai mun san ba za ta zo ba, ka ce musu, ku tashi, ba ta zuwa. Ni na faɗa har bakina ya bushe, amma ni Miskinin Turawa ne, wa zai ji? Kai suka yarda da kai. Maganarka ce ta zaunar da su, ita ce za ta tayar da su.

Na san da nauyi. Za a ce Habibu ya yi alkawari ya kasa. Za su yi maka ba'a a wurin shayi, Ɗanjuma zai samo maka suna, mai muni kuwa, na san shi. Ka ɗauka. Ba'a ba ta hana alkama fitowa.

Hoton kuma ban ce ka cire ba. Ka bar shi. Ni ne, laka ce, jinin ma nawa ne. Amma ka sauya abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Ka koma cikin kalmomin nan naku masu yawa ka nemo wadda ake faɗa wa mutanen da suka sa abu a gaba. In waɗanda suka yi kuka a kaina ba za su ba da komai ba sai sun gan ni a kwance, su riƙe abinsu, Allah ya amfana musu. Wanda zai ba mai tsaye, muna maraba da shi, akwai buhu a gaɓa.

Ku kuma mutanen garinmu da ke karanta wannan ta bayan kafaɗar yayana, ko ake karanta muku, na san kuna nan. Ba zan ce muku komai ba. Kun san inda shebur ɗinku yake.

Yaya, ko ka yi maganar ko ba ka yi ba, gobe bayan sallar asuba ina cikin tur'a, ni da 'yan tsirarun da ba su daina fitowa ba. Mun gama namu, za mu shiga rabon gidan da ke sama da mu, ba tare da an roƙe mu ba, su kuma su zauna a inuwa su kalle mu in za su iya. Ƙila sanyi ya riga mu. In ya riga mu, zai same mu a ciki, ba a ƙarƙashin dalbejiya ba. Amma hannuwanmu ba su kai bakin tur'a su kaɗai, na auna da ido, na sake aunawa. Da muryarka za su kai.

Allah ya tsare min kai a inda kake. Allah ya sa abincin can ya karɓe ka, ya yaye maka tarin nan, ya ba ka abokan zama na kirki. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Allah ya sauƙaƙa maka wannan magana a harshe, ya sa ta faɗa kunnen da zai ji. Allah ya kawo ruwa gonakinmu kafin lokaci ya wuce, ya dawo mana da kai ka ci tuwon alkamar bana a gidan ubanka.

Ina jiran muryarka kafin Juma'a.

Ƙanenka da ke tsaye,
Sa'idu